Kenzaburo Oe da ɗansa: a wane littafin ya fi faɗin gaskiya?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga maganar wannan makon. Kenzaburo Oe, marubucin Japan ɗin nan da ya ci kyautar Nobel a 1994, ya ba da labari ɗaya ta hanya biyu. A watan Yunin 1963 aka haifa masa ɗansa na fari, Hikari, da wani ƙaton ƙullutu a kai saboda ƙoƙon kan bai haɗe ba. Likitoci suka ce in an yi tiyata zai iya rayuwa amma da naƙasa a ƙwaƙwalwa, in kuwa ba a yi ba, ba zai daɗe ba. Lokacin Oe yana da shekara 28. A 1964 ya fitar da ƙagaggen labari, A Personal Matter, a kan wani matashi da ake wa laƙabi da Bird, wanda aka haifa wa irin wannan jaririn, shi kuma ya shiga neman hanyar da jaririn zai mutu ya huta. Sai a 1995, yaron ya haura talatin, ya fitar da A Healing Family, inda ya yi magana da bakinsa a kan zamansu na gida, ba sauya suna, ba ɓoye fuska.

Tambayata biyu ce. Wanda bai taɓa karanta Oe ba, wanne za ku miƙa masa? Kuma a wanne mutumin ya fi faɗin gaskiya? Ni dai ba zan ɓoye ba, ina bayan ƙagaggen labarin, duk da cewa shi ne wanda aka ce ƙage ne.

Zainab: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, a gargaɗi waɗanda ba su karanta ba: A Personal Matter akwai shaye-shaye da batsa a ciki sosai. Ba littafin da za ka bari a kan kujera yara su ɗauka ba ne.

Baba Ɗanjuma: Yawwa 'yata, kin riga ni. Ni na karanta shi da daɗewa, kuma har yau ban ga abin yabo ba. Mutum matarsa na kwance a asibiti, jaririnsa na tsakanin rai da mutuwa, ya karɓi kwalbar barasa daga hannun surukinsa ya nufi gidan tsohuwar budurwarsa. Washegari ya je aji ya amayar da abin da ya sha a gaban ɗalibai. Daga nan ya haɗa baki da likita a daina bai wa jaririn madara, a riƙa ba shi ruwan sukari don ƙarfinsa ya ƙare. Malam Habu, wannan ne kake kira gaskiya? Wannan ai tonon silili ne. Ɗa kyauta ce daga Allah. Ko da shaiɗan ya raɗa maka wani abu, ba ka kai shi maɗaba'a ba.

Malam Habu: Allah ya ƙara girma Baba. Duk abin da ka lissafa yana ciki. Amma Oe bai aikata abin da Bird ya aikata ba, ya yarda aka yi wa ɗansa tiyata, ya kuma zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa a Maris ɗin 2023. Abin da ya yi a littafin shi ne ya ɗauki tunanin da ya gifta masa a waɗancan makonnin, ya ba shi ƙafafu ya bar shi ya yi tafiya, don ya ga inda zai tsaya. Shi da kansa bai musa cewa ya yi ta jan ƙafa kafin ya amince da tiyatar ba. A tsakiyar wannan ruɗanin ne ma aka tura shi Hiroshima a bazarar 1963 ya ɗauko rahoton taron masu adawa da makaman nukiliya, ya haɗu da Dakta Fumio Shigeto, likitan da bam ɗin 1945 ya rutsa da shi amma ya ci gaba da duba marasa lafiya alhali bai san maganin cutar da ke kashe su ba. Daga wannan tafiyar ya dawo Tokyo ya tsaya wa ɗansa. Littafin Hiroshima Notes na 1965 daga nan ya fito.

Sannan Baba, ka san hadisin da ya ce an yafe wa al'umma abin da zuciya ta raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba.

Baba Ɗanjuma: To ai ka kashe kanka da bakinka Malam. "Ko an furta." Shi kuwa ya furta, ya buga, an fassara, an sayar.

Likita: Baba ya kama ka a nan Malam, sai dai a tuna Oe ba Musulmi ba ne, yakan kira kansa mutumin da ba shi da addini ma. Bari in sa baki ta ɓangaren aikinmu. Abin da ya sa ba na kallon littafin a matsayin tonon asirin mutum ɗaya shi ne Bird ba shi kaɗai ne ke son jaririn ya mutu ba. Likitan da ya karɓi haihuwar yana magana a kan jaririn kamar wani abin kallo. Surukar Bird so take a gama da maganar ba tare da 'yarta ta sani ba. Likitan da ya yarda da dabarar ruwan sukari bai ɗaga murya ba, a hankali ya faɗa, kamar abin da aka saba. Wato gari guda ne ke tura shi, kowa na jiran wani ya fara faɗa.

Kuma wannan ba ƙage ba ne a Japan ta wancan lokacin. Daga 1948 har 1996 akwai dokar da ta ba da damar yi wa masu naƙasa tiyatar hana haihuwa. An yi wa mutum kusan 25,000, cikinsu kimanin 16,500 ba da yardarsu ba. Sai a Yulin 2024 kotun ƙolin ƙasar ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki. A Yulin 2016 kuma wani tsohon ma'aikacin gidan kula da masu naƙasa a Sagamihara ya shiga da wuƙa cikin dare ya kashe mutum 19, yana cewa rayuwarsu ba ta da amfani. A cikin irin wannan al'ummar ne matashi ɗan shekara 29 ya rubuta cewa ga abin da ake raɗawa a lungun asibiti. A Healing Family ba ya nuna maka wannan da irin wannan zafin.

Nura Damagaram: Ni da Faransanci na karanta su, Une affaire personnelle da Une famille en voie de guérison. Oe kansa adabin Faransa ya karanta a Jami'ar Tokyo, a kan Sartre, masanin falsafar nan na Faransa, ya rubuta kundin kammala digiri, kuma kana jin wannan a littafin farko: mutum shi kaɗai a gaban zaɓi, ba mai ɗauke masa. Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne Afirka. Littafin yana buɗewa ne da Bird a kantin littattafai yana sayen taswirar Afirka a daidai lokacin da matarsa ke naƙuda. Duk burinsa ya tara kuɗi ya tafi can. Jaririn shi ne sarƙar da za ta hana shi tafiya. Na yi dariya ni kaɗai, wai mu ne wurin da ake gudowa a huta da wahalar duniya. Afirkar Bird babu mutane a cikinta, babu masu jego, babu asibiti. Takarda ce kawai da aka naɗe a aljihu.

Zainab: Yaya Nura wallahi nima na lura. Kuma Himiko, budurwar, daga baya ta fi shi zaƙuwa da tafiyar.

Maman Khalil: Sallama gare ku. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. Ɗana yana da lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, ba ya magana, kuma yana fama da farfaɗiya. Na karanta littattafan biyu.

Baba, da girmanka, ka yi haƙuri zan saɓa maka kaɗan. Tunanin nan da kake cewa kar a kai maɗaba'a, yana zuwa. Ba ya neman izini. Yakan zo ne da tsakar dare, bayan jijjigar ta lafa, ka canza zanen gado, ka goge masa baki, ka zauna a gefen katifa kana jin numfashinsa. Sai wata murya ta ce da ma. Iyakarta ke nan, da ma. Sai ka yi ta a'uziyya, ka ji kamar duk duniya babu uwar da ta kai ka mugunta. Ba wanda za ka gaya wa. Dangin miji dama suna cewa daga wajenku aka kwaso, maƙwabta kuma kowa da malamin da zai kai ki wurinsa. Da na karanta Bird ban so shi ba, ragon namiji ne, amma na gane cewa wani a ƙarshen duniya ya taɓa jin wannan muryar, bai bi ta ba.

Malam Habu, kai ma ban bi ka duka ba. A Personal Matter 'yan kwanaki ne kacal na rayuwa. Bird ya yanke shawara, ya ɗauko jaririn daga hannun wani likita mai zubar da ciki da ya kai wa shi, ya mayar da shi asibiti, shi ke nan an rufe littafi. Amma shawara ba sau ɗaya ake yanke ta ba. Kullum da safe sai ka sake. Ka daka ƙwayar magani ka zuba a kunu, ya gane ya tofar, ka sake damawa. Wannan rayuwar tana cikin A Healing Family ne: raka Hikari wurin aikin masu naƙasa da yake zuwa, jiran lokacin da farfaɗiya za ta taso, ga kuma surukar Oe da tsufa ya rikita wa tunani tana gida ɗaya da su. Babu abin ban mamaki a ciki, shi ya sa na yarda da shi.

Baba Ɗanjuma: Allah ya ba ki lada 'yata, ya ba Khalil lafiya. Ba zan yi jayayya da wadda ke cikin ruwan ba.

Likita: Amin. Maman Khalil, ki tambayi likitansa ko akwai na ruwa, don wasu ƙwayoyin farfaɗiyar ba a son a daka su.

Malam Habu: Amin ya Allah. Maman Khalil, maganarki ta fi tawa nauyi. Amma bari in faɗi abin da ke damuna da littafin na biyu, ku yi mini hukunci. A Healing Family falon baƙi ne. An share, an kunna turare, an jera hotuna. Mai gidan ya riga ya zama babban mutum, ya ci Nobel, ɗansa ya yi suna, ya san matarsa da sauran 'ya'yansa da maƙwabta za su karanta da sunayensu a ciki. Dole ya auna kowace kalma. Ko ya ambaci fushi ko gajiya, a cikin ladabi yake ambata, ya bi da darasi. A ƙagaggen labarin kuwa ya fake da Bird, don haka babu wanda zai ji wa kunya. Abin da suna na gaskiya ya hana shi faɗa, sunan aro ya ba shi dama.

Zainab: To Malam in haka ne me za ka ce da ƙarshen littafin? Bayan duk wannan duhun, a shafuka kaɗan na ƙarshe sai ga shi an yi tiyata, ashe ma ba ƙwaƙwalwar ce ta fito ba, ƙari ne marar illa. Surukai suna yaba masa, ana ce masa ya girma, sunan Bird bai dace da shi ba kuma. Ɗan Oe na gaskiya bai samu wannan sauƙin ba. Ko Yukio Mishima, wani babban marubucin Japan, sai da ya soki ƙarshen, ya ga kamar an liƙa shi ne don a faranta wa masu karatu. Ina gaskiyar take a nan?

Malam Habu: Ban ce ƙarshen ba shi da rauni ba, yana da shi. Amma ki dubi wanda ya rubuta shi: uba ne da jaririnsa bai fi shekara ɗaya ba, bai san ko yaron zai yi tafiya ko zai gane shi ba. Wannan ƙarshen fata ne, ba rahoto ba. Ko a cikinsa ma likita bai ba da tabbacin yaron zai tashi da cikakken hankali ba.

Kuma akwai abin da ya kamata a haɗa da shi. A farkon shekarar 1964 ɗin, kafin wannan littafin, Oe ya fitar da gajeren labari, Aghwee the Sky Monster. A can uban, wani mai tsara kiɗa, ya bar jaririn ya mutu ta wannan hanyar ta ruwan sukari. Da aka binciki gawar sai aka ga ƙari ne marar illa. Daga nan wani ƙaton jariri mai girman dabbar kangaru, sanye da farar riga, ya riƙa sauko masa daga sama, har ya rasa hankalinsa da ransa. Kin ga a shekara ɗaya ya bi hanyoyin biyu a takarda, wadda aka kashe da wadda aka raya. Littafin tarihin rayuwa ba zai iya wannan ba, don hanya ɗaya ce kawai ta faru.

Nura Damagaram: Wannan gajeren labarin ya fi tsorata ni a kan littafin. A ƙara da cewa a Japan akwai tsohuwar al'adar rubutu da suke kira shishosetsu, inda marubuci ke zuba rayuwarsa da abin kunyarsa cikin labari kusan ba sauyi, tun daga littafin Futon na Tayama Katai a 1907. Masu karatu a can sun saba ɗaukar tauraron labari a matsayin marubucin. Don haka Oe ya san sarai za a ce shi ne Bird. Fakewar da Malam ke magana a kai ba ta rufe shi sosai ba.

Hajiya Bilki: Na daɗe ina bin ku. Duk kun yi ta maganar uba. Ina uwar? A cikin A Personal Matter ko suna ba a ba ta ba. Tana kwance a gadon asibiti ana yi mata ƙarya, an ce mata wata matsala ce a cikin jikin jaririn, maza da uwarta suna yanke hukunci a bayanta. Himiko, budurwar, ita ce ke da tarihi, da mota, da ra'ayi a kan duniya. Wadda ta yi naƙudar kuwa 'yan layuka ne rabonta. A littafi na biyu aƙalla Yukari, matar Oe, tana nan, zane-zanen da ke ciki ma nata ne, furanni da 'ya'yanta. Amma nan ma zane aka ba ta, alƙalamin yana hannun maigida.

Ga kuma wanda ba a tambaya ba kwata-kwata, Hikari. An sa shi a littafi bayan littafi, yau Eeyore, gobe Mori, jibi Akari. Duniya ta san uban ya taɓa tunanin mutuwarsa. Da wa aka yi shawara?

Baba Ɗanjuma: Hajiya kin faɗi abin da na kasa tsarawa ɗazu.

Likita: Tambayar Hajiya tana da ƙarfi, kuma an yi wa Oe ita a Japan ma. Abin da zan iya ƙarawa shi ne yaron ya samu muryarsa daga baya, ta wata hanyar. Har ya kai shekara shida ba ya magana. Iyayen sun lura kukan tsuntsaye ne kawai ke jan hankalinsa, suka sayo faifan da aka naɗi kukan tsuntsayen Japan, mai gabatarwa yana faɗin sunan kowanne. Yana ta saurare. Wata rana suna hutu a wajen gari, yana kan kafaɗar uban, wani tsuntsu ya yi kuka, sai yaron ya faɗi sunansa, kuina, da irin muryar mai gabatarwar nan. Jimlarsa ta farko ke nan. Daga tsuntsaye ya koma kiɗa, aka samo masa malamar fiyano, ya fara rubuta nasa. Faifansa na farko ya fito a 1992, na biyu a 1994, kuma sun yi kasuwa sosai. Cikin abin da ya tsara har da na makokin Dakta Moriyasu, likitan da ya yi masa tiyata ya kuma ci gaba da duba shi shekara da shekaru.

A jawabinsa na Nobel, Oe ya ce a cikin kiɗan ɗan nasa ya ji muryar wani rai mai duhu yana kuka. Wato uban da ya kwashe shekara talatin yana magana a madadinsa ya gano akwai baƙin cikin da yaron ke ɗauke da shi wanda bai sani ba. A wajen lokacin ne ma ya ce zai daina rubuta ƙagaggun labarai, ko da yake ya dawo a 1999.

Zainab: Abin mamaki, ya sa wa tauraronsa suna Bird a 1964, shekaru kafin maganar tsuntsayen ta faru.

Maman Khalil: Labarin tsuntsun nan yana da daɗi, amma ina so a yi hattara da shi. Mutane suna son sa saboda yaron ya zama wani abu. Sau nawa aka turo mini bidiyon yaro mai lalura yana zane ko yana karatu da ka, a ce ki dage, naki ma akwai baiwar da Allah ya ɓoye masa. Idan babu fa? Idan iyakarsa ya ci, ya yi murmushi, ya kama gefen zanena? Wannan ne kawai inda A Healing Family ya ɗan yi mini nisa. Warakar gidansu ta bi ta kan kiɗa da dandamali da tafi. Yawancinmu ba za mu ga wannan ba. Bird, da duk lalacewarsa, ya koma ya ɗauki jaririn ne a daren da bai san komai ba, ba a yi masa alkawarin ko kalma ɗaya ba. Ta wannan fuskar na ba Malam Habu gaskiya.

Malam Habu: To ga shi an raba mana gardamar gida biyu. A tambayar farko fa? Wa za a ba wanne?

Maman Khalil: Uwar da ke cikin jego da irin wannan jaririn, kar a ba ta na farkon. Ba yanzu ba. A ba ta na biyun, ko ma kar a ba ta littafi, a riƙe mata yaron ta yi barci. Na farkon a bai wa mijinta da 'yan'uwansa.

Nura Damagaram: Mai neman adabi kuwa ya fara da na 1964. Wanda ya fara da na 1995 zai ɗauka Oe wani dattijo ne mai sanyin magana, ba zai san irin wutar da ke rubutunsa ba. Na Turancin John Nathan ne ya fassara na farkon, Stephen Snyder na biyun. Akwai kuma na tsakiya, Rouse Up O Young Men of the New Age! na 1983, lokacin da yaron ke dab da shekara ashirin. Shi ba ka iya cewa ga inda rayuwa ta tsaya ga inda ƙage ya fara.

Baba Ɗanjuma: Ni dai a ajiye mini na biyun. Wancan na riga na gani, ya ishe ni.

Malam Habu: An ajiye maka Baba. Saboda ƙorafin Hajiya, ina ba da shawarar wata mai zuwa mu ɗauki A Quiet Life na 1990. A can 'yar gidan ce, Ma-chan, ke ba da labari, iyayen sun tafi Amurka sun bar ta da yayanta mai lalurar. Juzo Itami, yayan Yukari, ya mayar da shi fim a 1995. Aƙalla za mu ji muryar mace daga cikin gidan.

Hajiya Bilki: Zan karanta Malam. Amma ita ma Ma-chan ɗin ai uban ne ya sa mata magana a baki.